Ƙofar da Baffa Ya Ce An Rufe

Wari ya turnuƙe tsakar gidan, ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a kan aman da Abdurra'uf ya kelaya a ƙofar ɗaki. Matarsa Yelwa ta toshe hanci da gefen mayafi tana zuba toka tana kwashewa, hawaye na zuba... Tun da ya fara kai awaki kasuwar Maigatari ya koyi shan giya, haka take wayar gari kullum.

Da azahar ya farfaɗo, ya ɗauki buta zai yi alwala. Sai ga Baffa Siddiq, ƙanin mahaifinsa, ya faɗo ba sallama ya shure butar! "Tir! Da wannan ƙazamin bakin za ka ambaci Allah? Ai Allah ya yi fushi da kai, ya rufe maka ƙofa, wuta kawai ke jiranka!" Ya juyo kan Yelwa. "Ke kuma mai farar ƙafa, tun da kika shigo gidan nan ya lalace!" Ta durƙusa ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri..." Ya tofa yawu a gabanta ya fice. Daga ranar matan garinsu Ɗanzomo ko aron turmi suka daina ba ta. Shi kuwa Abdurra'uf ya ninka sha, yana cewa tunda ɗan wuta ne, me zai bari?

Wata safiya tana goge masa baki ya fashe da kuka. "Ki tafi, Yelwa. Allah ma ya ƙi ni."

"Baban A'i, wallahi ina ƙyamar abin nan, har abinci ba na iya ci," ta ce. "Amma ban gudu ba. Ni da nake baiwa ke nan... To Wanda ya halicce ka, ya fi uwarka tausayinka, shi ne zai kore ka?"

Ranar ya yi wanka ya yi sallah yana sheshsheƙa. Ya sha zazzaɓi da karkarwa, ya ma sake faɗawa shan, amma da ya tashi bai gudu ba, gaban Ubangijinsa ya koma. A hankali ya rabu da giyar.

Ranar kasuwar Sule Tankarkar babur ya kayar da Baffa Siddiq a tsakiyar jama'a. Buhunan geronsa suka yage, jarkokin da ya ɓoye ciki suka fashe, warin giya ya cika wurin! Ashe shi ke kai wa mashaya! Mutane suka ja da baya suna tofar da yawu, ga shi kwance cikin ƙazantar da karyayyar ƙafa, ba mai son taɓa shi. Abdurra'uf ne ya ratsa taron ya tallabo kansa.

"Na shiga uku... Allah ya kama ni," in ji Baffa.

"Ka tuba, Baffa. Yelwa ta gaya mini Allah yana karɓar tuba, na kuwa gani."

Da labari ya iso Ɗanzomo, matan suka cika gidan suna neman gafarar Yelwa. Ita dai kuka take tana cewa, "Alhamdu lillahi..."