Ranar Girkin Tabawa

A wani zamani, a wani gari, ciwo ya kwantar da wata mata mai 'ya'ya uku, ga shi mijinta ya rasu. Matan unguwa suka yanke shawara cewa kullum gida ɗaya zai ciyar da yaran har uwarsu ta miƙe.

Kowace mace idan ranarta ta zo, sai ta aika da tuwo da miya. Amma Tabawa, mai rumbu cike da dawa, sai ta kankare ƙanzon tukunya, ta rufe kwano, ta aika. Ranarta ta sake zagayowa, ta kankare, ta rufe, ta aika.

Wata rana mata suna sussuka a gindin tsamiya, 'yan mata suna wasan tuwon ƙasa, kowace tana kwaikwayon uwarta. Ladidi, 'yar Tabawa, ta ɗauki tsinke tana kankare kasko.

Wata tsohuwa ta ce, "Ke jikata, wane irin girki ne wannan?"

Ladidi ta ce, "Na marayu ne, Kaka." Ta ɗora ganye a kan kaskon, ta yi muryar uwarta: "Rufe da kyau, kada kowa ya gani!"

Taɓare suka tsaya cak. Tabawa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ajiye taɓaryarta, ta nufi gida kai a sunkuye.

Ba ranarta ba ce, amma ta hura wuta ta tuƙa tuwo. Da kanta ta ɗauko kwanon, ta bi ta gaban matan nan zuwa gidan marayun, kwanon a buɗe.