Bugu a Ƙarƙashin Gonar Inabi

Rigar sanyi kawai na koma ɗaukowa. Na manta ta a ƙarshen gonar inabi, inda muka ci abincin rana, ga shi rana tana shirin faɗuwa.

Yayata Glenys ce ta jawo ni wannan hutun. Tun rasuwar mijina Kelvin ba na jin komai, daɗi ko ɗaci. Ta zaga da ni tsofaffin garuruwan masu haƙar zinariya, ta yi ta ɗura mini giyar inabi iri-iri, ni dai kamar ruwa nake jin ta a bakina. Ita kuwa bakinta ba ya hutawa, sai ka ce rediyo.

Tsoho Aldo, mai masaukinmu, ya tare ni a ƙofa.

"Ki bi layin inabi, 'yata, kada ki ratse. Ƙasan nan duk tsofaffin ramukan haƙar zinariya ne. In kin ji bugu, kada ki amsa. Waɗanda rami ya rufta da su har yau suna neman mai amsawa."

Glenys ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai Aldo, ashe kai ke shanye ribar gonar!"

Na tafi. Warin ruɓaɓɓen inabi ya cika iska. Fararen aku suna ta ihu a kan itatuwan turare, sai suka yi tsit gaba ɗaya.

Na sunkuya zan ɗauki rigar, sai na ji shi a tafin ƙafata. Bugu biyu, sannan ɗaya.

Haka Kelvin yake buga rufin motata duk lokacin da zan fita.

Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Na ɗaga diddige na buga ƙasa, biyu, sannan ɗaya.

Ƙasa ta yi laushi. Wata iska mai sanyi ta taso daga ƙarƙashina, tana warin jiƙaƙƙen ƙarfe. Bugun ya yawaita, ta gaba, ta baya, hannuwa ba iyaka. Ina nutsewa a hankali, kuma ban yi niyyar motsawa ba.

"Lorraine! Ke wace irin sokuwa ce?"

Glenys ce, ashe ta biyo ni. Ta fizgo ni ta wurgar da ni gefe. Ƙafarta ta dama ta zurma har cinya.

Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Ƙanwata, an riƙe ni."

Na kama ta da hannu biyu. Na ja. Aka ja.

Na kira sunanta da wata murya da na manta ina da ita. Aka saki.

Muka rarrafa har layin inabi. Takalminta ya tafi, safarta kuma ta jiƙe da jar laka.

Washegari Aldo ya rufe wurin da kwanon rufi.

Tun da muka dawo gida Glenys ta daina surutu. Da yamma takan fita bayan gidanta ba takalmi, ta tsaya a kan ciyawa, ta karkata kai tana sauraro. Na tattara kayana na koma wurinta. Tsoro ya dawo mini, yanzu har a ƙashina nake jin sa. Duk yamma ina tsaye kusa da ita, riƙe da hannunta, idona a kan diddigenta.

Jiya ta fara ɗaga shi.