Baƙon Ɗakin Haruffa

Gab da magariba Mai Haruffa, haka unguwa ke kiransa, yana ɗakin aikinsa na cikin gida yana tsara shafukan littafi a kwamfuta. Sai ya ga duk inda ƙ ko ɗ zai fito, ɗan akwati ne fanko. Bai damu ba, ai wasu nau'o'in rubutun ba su san haruffa masu lanƙwasa ba. Ya canza nau'i, ya sake canzawa. Sauran haruffan ma suka bi sahu, ɗaya bayan ɗaya.

Nan jifa ya fara sauka a kan rufin kwano. Matarsa ta tsinto abin jifan, ta miƙa masa. Ba dutse ba ne, harafin dalma ne na buga littafi, irin na cikin tsohon kabad ɗin mahaifinsa da ya sayar wa masu narka ƙarfe makon jiya.

Daga ranar Auta, 'yarsu mai shekara tara, ta daina magana. Kwana shida ba ci ba sha, tana ƙarewa a gabansu. Shi kuwa wallahi ko hawaye ya kasa. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba.

Ranar bakwai aka kawo malamin ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar wani tsoho.

"Shekara arba'in ina cikin kabad ɗin nan. An narka min gida. Yarinyar ce gidana yanzu."

"Ba za ka samu ba," in ji malam. "Faɗi wani abin."

"To ɗakin aikin ubanta, da duk abin da ke ciki. Ya kulle, kada ya ƙara shiga."

Malam ya dubi Mai Haruffa. "Bawan Allah, abincinka ke nan fa."

Mai Haruffa ya tashi ya datse ƙofar ɗakin, ya jefa makullin a rijiya. Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Umma, ruwa."

Yanzu a maɗaba'ar wani yake naɗe takarda. Kullum da yamma akan ji injin bugawa na aiki a ɗakin da ke kulle, takarda guda ta fito ta ƙarƙashin ƙofa. Matarsa ke sharewa, fuskarta a kauce. Shi dai yakan zauna ya ga Auta ta cinye abincinta.