Darasi Na Talatin

"Ki zaɓi ɗaya mana, Malama, tun ɗazu muke tsaye."

Injiniya ke nan, mutumin da saura sati uku a ɗaura mana aure, amma har yau bakinsa ya kasa sakin "Malama". Littattafan koyon Faransanci kala uku mai kanti ya baje mana a kan tebur. Ɗaya mai hotuna da waƙoƙi, ɗaya mai kauri cike da aikin rubutu, na ukun kuma tafe yake da manhajar waya, wata mata tana faɗa yara suna maimaitawa.

"Duk suna da kyau," na ce. "Ba littafi ne matsalar 'ya'yanka ba, kai ma ka sani."

"To mene ne?"

"Wayar."

Ya ɗauke kai gefe. "Shi ya sa na ce ki zaɓa. Ranar da sabon littafi ya shiga gidan, ranar zan kulle ta a akwati."

"A ce daga zuwana na rufe bakin uwarsu?"

"Uwarsu ta rasu shekara biyu ke nan, Malama..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ma ina so in shiga gidana ban ji ana kirana daga kabari ba."

Mai kanti ya shiga goge littafin da ba ƙura a jikinsa.

Aikin Injiniya gina gada ne. Duk bayan shekara biyu sai ya kwashi iyali su koma wani gari, shi ya sa matarsa ta ce ita za ta koyar da 'ya'yanta a gida. Tafinta ce, Faransanci a bakinta kamar da shi aka haife ta. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta ɗauki tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi ta naɗi darussa talatin da muryarta, don Ummi da Auta su ci gaba ko ba ta nan.

Wata takwas da suka wuce aka ɗauke ni aikin koyar da su, in ɗora daga inda ta tsaya. Abin da ban sani ba, ita ba ta tsaya ba.

Kullum ƙarfe goma na safe, Ummi, mai shekara sha ɗaya, za ta jingina wayar da gwangwanin fensira a tsakiyar teburin karatu. Sai murya ta fito, mai sanyi, da ɗan dariya a ƙarƙashinta, ta fara kiran suna kamar a aji.

"Ummina?"

Sai ta bar wuri. Ummi ta ce, "Je suis là." Wato ina nan.

"Autata?"

Auta ta amsa da ƙarfi, har tana ɗaga hannu.

"Abban Ummi?"

Shiru. Na taɓa ƙirgawa, numfashi biyar ne. A cikin shirun nan kana jin fankar ɗakin da ta yi jinya tana juyi, da ƙarar cokali a cikin kofi. Yaran ba sa ko motsi sai wurin ya wuce. Kujerarsa kuwa tana nan a ƙarshen tebur, ba mai zama a kai.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai ranakun da na tsani muryar nan. Ina tafiya a titi sai in ji kamar an ce "Abban Ummi?" a bayan kunnena, in waiwaya ba kowa. Ga wani abin haushin, lafazinta ya fi nawa daɗi, ni da na yi shekara bakwai ina koyar da harshen ina hura hanci. Da Injiniya ya fara tsayawa a bakin ƙofa bayan darasi, yana tambayata abin da bai shafi karatu ba, daɗi na ji har cikin raina. Amma duk lokacin da ya yi min murmushi, sai idona ya kai kan gwangwanin fensirar.

Yaran kuma karatunsu ya tsaya cak. Gaisuwa, launuka, ƙirga, kayan ɗaki, duk sun iya kamar ruwa. Daga nan ba gaba. Sai da na yi wata uku na gano dalili: duk sanda aka kai darasi na ashirin da tara, washegari Ummi sai ta koma na ɗaya.

Na ja Auta gefe na tambaye ta. Ta raɗa min a kunne, "Yaya ta ce idan muka ji na talatin, shi ke nan Mami ta gama."

Duk da na san wannan, a kantin nan na nuna mai hotunan na ce a naɗe mana. Son zuciya ne, ba wani abu ba. Ni ma so nake in shiga gidan in ji muryata ita kaɗai.

Ya kulle wayar kamar yadda ya ce.

Ranar farko na buɗe sabon littafi, na rera waƙar da ke shafin farko har da tafi. Suka bi ni da ido. Rana ta biyu haka. A rana ta uku, agogon bango na buga goma, Auta ta kalli gwangwanin da ba komai a jikinsa, ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Je suis là."



Ummi ta rufe littafinta. "Malama, yanzu kin ji daɗi?"

"Ummi..."

"Da kin bari sai kin tare tukun. Sauri kike yi ne?"

Ban iya ƙarasa darasin ba. Gida na wuce, na tarar da Ummana tana ninke kayan wanki, na zube a gabanta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta bari sai da na gama, na kwashe komai na faɗa mata, sannan ta ce, "Ke da kika ce kin fi kowa sanin yara? Littafi kika je zaɓa ko wurin zama?"

"Umma, tsoron matar nan nake ji."

"Baiwar Allah tana kwance a makwancinta, me ta yi miki? Tashi ki wanke fuska. Ni dai ba zan kai ki gidan da marayu ke kallonki da wannan idon ba."

Da rana tsaka na same shi a wurin aiki, cikin ƙaramin ofishinsa na katako, zanen gada a baje gabansa, injin kwaɓa siminti yana ruri a waje. Na ajiye masa sabon littafin a kan zanen.

"A ɗaga auren."

Ya miƙe tsaye. "Me na yi miki, Malama?"

"Ba don yara ka kulle wayar nan ba. Don numfashi biyar ɗin nan ne da ake jiranka kullum ba ka zuwa."

Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana juya hular ƙarfensa a hannu.

"Ni nake riƙe mata wayar," ya ce. "Duk ashirin da taran, hannuna ne. Ranar na talatin ta ce in fita in ja mata ƙofa. Kwana huɗu bayan nan ta tafi. Ban taɓa ji ba... Da ina tsoron in ji ta tana ban kwana. Tun da na fara son ki kuma, sai tsoron ya canza. Idan ta roƙe ni wani abin da na riga na karya fa?"

"Kamar kada ka kawo wata kan 'ya'yanta?"

Ya ajiye hular a kan zanen.

Na ce, "To mu ji. Idan abin da ta ce ke nan, zan koyar da su har su girma, amma ba zan tare a gidanta ba."

"Ina son ki, wallahi ina son ki..."

"Na sani, rabin raina. Shi ya sa ba na so in shigo ta bayan gida."

Washegari ƙarfe goma saura kaɗan ya shigo ɗakin karatu da wayar a hannu. Auta ta yi tsalle ta rungume ƙafarsa. Ya ja kujerar ƙarshen tebur ya zauna, sai da ta yi ƙara don daɗewa ba a taɓa ta ba.

Na durƙusa a gaban Ummi. "Na yi kuskure, ki yafe min. Wayar nan ba mai sake kulle ta. Amma ina roƙon abu ɗaya. Mamanku ta yi darasi talatin, da wahala ta yi na ƙarshen, kuma shekara biyu yana jiran ku. In kun ji shi, sauran ba za su goge ba. Ke za ki danna. In kin ce a'a, mu koma na ɗaya, ba mai cewa komai."

"In ta ce sai wata rana fa?" in ji Ummi.

"Sai mu yi kuka tare, gobe mu sake kunna ta."

Ta kalli babanta. Ya gyaɗa mata kai. Ta jingina wayar da gwangwani, yatsanta ya daɗe a sama kafin ya sauka.

Fanka. Tari mai tsawo. Sannan muryar, ta shaƙe, ta yi siriri, amma dariyar nan tana ƙarƙashinta.

"Ummina?"

"Je suis là," Ummi ta faɗa, hawaye na bin kumatunta.

"Autata?"

Auta ta ɗaga hannu ta amsa.

"Abban Ummi? Na san halinka, kada ka ce aiki ya yi yawa."

Wani sauti ya ƙwace masa, tsakanin dariya da kuka. Ya dafa tebur da hannu biyu. "Je suis là," ya ce, da lafazinsa mai ban tausayi. Auta ta zaro ido tana kallonsa.

Na sunkuyar da kai ina jiran darasi ya fara. Sai muryar ta ja numfashi.

"Saura mutum ɗaya. Ke da kike zaune da su yanzu... ban san sunanki ba, ki yi haƙuri. Na so in kai su nesa, ƙarfina ya tsaya a nan. Littafin da kika ga ya dace ki ɗauko, kin fi ni sanin inda suka kai. Auta sai da waƙa take riƙe abu. Ummi kuma in ta yi fushi, tsoro ne take ji, kada ki biye mata. Babansu ba ya gane komai sai an maimaita masa sau uku." Ta yi tari. "To, bari in kira ki. Kina nan?"

Ta bar wuri.

Fankar tana juyi. Ni da na koyar da ɗaruruwan yara wannan jimla, na buɗe baki ba abin da ya fito. Numfashi ɗaya ya wuce. Na biyu. Idona ya rufe da ruwa. Na uku.

Sai na ji hannu a kan gwiwata. Ummi ce. Ta matso da bakinta kusa da kunnena, kamar yadda take yi wa Auta in ta kakare, ta raɗa min kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Yi sauri, Anti," ta ce. "Mami tana jiran ki."

"Je suis là," na ce.

"Madalla," in ji muryar. "To, mu fara."