Mai Korar Hadari

"Ku sake shi! Na ce ku sake shi!"

Saudatu ta dire ƙwaryar furar da ta kawo wa mahaifinta gona, ta kutsa cikin mazan ƙauyensu, Kwalkwalawa. Sun danne wani saurayi kusa da babur ɗinsa, ya ƙanƙame kyamara kamar jinjiri. Can gabas baƙin hadarin da ya haɗu tun azahar yana watsewa.

"Shi na!" in ji Malam Attahiru, mahaifinta. "Kullum hadari ya taso, sai wanga yaro ya haska mashi wutar akwatin nan ya tsere. Geronmu na ƙonewa!"

"Baba, Mode sunana, ina da shagon hoto Ƙofar Taramniya. Walƙiya nika ɗauka. Bin hadari nikai, ba kora ba!"

Ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin na Saudatu.

Malam Attahiru ya fizge kyamarar, ya kai gida ya jefa rumbu.

Kowace la'asar Mode yana zuwa roƙon kyamararsa. Kafin a jima ya daina ambatonta.

"Walƙiyata," ya ce da Saudatu a bakin zaure, "na bi hadari har Wurno, ban ga abin da ya razana ni kamar harararki ba."

"Kai dai sarkin rigima. An tumurmushe ka cikin ƙasa, bakinka bai mutu ba."

Da magabatansa suka zo, Malam ya ƙi ko shimfiɗa musu tabarma.

"In ba ɗiyata mai gudu bayan tsawa? Takaba nika nema mata?"

Saudatu ta san mai hura wutar: Maigandi, ɗan kwangilar siminti, wanda ke neman aurenta, yake faka sabuwar Fijo a ƙofarsu yana yaɗa cewa Mode tsafi yake yi. Ranta ya ɓaci, ta tari mahaifinta a gaban Maigandin.

"Baba, akwatin na cikin rumbu, sama kuma ko ɗigo. To yanzu wa ka korar ruwan? Fijon Maigandi?"

"Ke! Ni kika yi wa tsiwa?"

"Allah huci zuciyarka. Amma zalunci ne, kuma ka sani."

Ranar Juma'a gari ya sake yin baƙi ƙirin. Saudatu ta haye rumbu, ta fito duk ƙaiƙayi a jikinta, ta miƙa wa Mode kyamarar a idon jama'a.

"Ɗauka. Baba, in hadarin ga ya watse, na haƙura da shi har abada. In an yi ruwa fa?"

Malam ya dubi sama, ya dubi geronsa. "Na ba shi."

Mode ya ɗaga kyamarar. Walƙiya ta tsaga gabas, ya danna. Iska ta ɗauke ɗif. Maigandi ya fara dariya.

Sai ruwa ya ɓarke.

Malam Attahiru ya tsaya cikinsa, hawaye da ruwa sun cakuɗe a gemunsa. "Ƙara dannawa, ɗana! Ƙara!"

Bayan kaka aka ɗaura aure, da tuwon sabon gero. "Allah ba ku zama lafiya, ya kiyaye min ku da tsawa," in ji Malam.

Ba a gama shafa fatiha ba, wata Landiroba ta ci birki. Soja ya diro, riƙe da wani hoto.

"Ina Mode mai hoto? Wa ya ba ka izinin ɗaukar barikinmu a bayan walƙiyar nan?"

Daga cikin gida Saudatu ta yaye lulluɓinta ta miƙe.