Kejin Waya a Kwandon Odelia

Odelia ta ɗora hannun Dermot a kan teburin kicin, ta juya shi a hankali. Yatsan tsakiya ya kumbura, ya karkace wajen gaɓa ta biyu.

"Kada ki ja da ƙarfi," in ji shi. "Muna da wasa ranar Asabar."

"Ranar da ka fara zuwa gidan nan yatsunka goma duk a miƙe suke. Yau saura huɗu."

"Huɗu sun isa riƙe hannunki a coci."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaure yatsan da tsinke da tsumma.

Dermot Quilty shi ne mai cafke ƙwallo a ƙungiyar besbol ta Maƙeran Harwick a shekarar 1878, wasan da wani ke jefa ƙwallo, wani ya buge ta da sanda. Aikinsa ya ranƙwafa bayan mai bugu da hannu tsirara, ba shi da wata kariya sai guntun roba da yake cizawa saboda haƙora. Idan sanda ta ɗan gogi ƙwallo, sai ta kauce ta nufo fuska kafin mutum ya ƙifta ido. Wanda ya riƙe wurin kafin shi yanzu gyaɗa yake sayarwa a ƙofar fili, da ido ɗaya. Odelia ba ta iya kallonsa idan za ta wuce.

Mahaifinta, Gottlob Kremer, ya shigo daga shago. Sana'arsa ƙera kejin tsuntsaye da rariya. Ya ajiye wani abu kusa da kwanon miyar kabeji: waya mai kauri da aka lanƙwasa daidai fuskar mutum, an naɗe gefenta da fata mai laushi.

"Na ji 'yan jami'a sun fara sa irinsa," in ji shi. "Gwada."

Dermot ya ɗora a fuska. Ya zauna daram, daga goshi har haɓa.

"Mista Kremer, ya aka yi ka san girman fuskata?"

Odelia ta sunkuyar da kai. "Ranar Lahadi da ka yi gyangyaɗi a kujera bayan cin abinci. Da zaren saƙa na auna."

"Saurara, yaro," in ji Gottlob. "Ba ni da abin ƙi a jikinka. Amma ba zan ba da 'yata ta tafi jan makaho ba. Ka sa wannan, a ɗaura aure bayan kakar wasa. Ka ƙi, ka daina tako mini gida."

Dermot ya tafi da kejin gida. Washegari mahaifinsa ya dawo da shi da kansa. Malachy Quilty daɗaɗɗen ma'aikacin narkar da ƙarfe ne, kuma a ƙuruciyarsa ya yi dambe ba safar hannu. Ya jefa kejin a kan teburin shagon.

"Ga tarkon ɓeranka, Kremer. Ɗana ba kanari ba ne."

"Ɗanka yana da ido biyu. Ina so su kai baɗi."

"An fasa mini hanci sau uku, ban ɓoye fuska ba. Ya sa wannan a gaban mutum dubu uku, da wane ido zan shiga masana'anta ranar Litinin?" Ya juya ga Odelia. "Ke kuma 'yar Jamus, idan matsoraci kike nema, akwai akawu da yawa a garin nan."

Da yamma Dermot ya same ta a bakin famfon unguwa, tunda an hana shi gidan.

"Odelia, ki fahimce ni. Tun rasuwar mahaifiyata ba shi da abin taƙama sai ni. Idan na sa, ya ce kada in ƙara kiransa uba."

"Idan ba ka sa ba kuma, nawa uban ya ce kada in ƙara kiran sunanka."

"To me kike so in yi?"

Ta daɗe tana kallon idanunsa, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zubo mata. Ta san in ta ce ya zaɓa tsakaninta da tsohon, zai zaɓe ta, kuma ba zai taɓa yafe wa kansa ba.

"Ba zan raba ka da mahaifinka ba," ta ce. "Amma duk wasan da za ku yi a gida, ina nan a layin mata, kejin yana cikin kwandona. Ba zan ƙara yi maka maganarsa ba. Ranar da ka so, ɗago hannu kawai."

Wasa goma sha ɗaya ta ɗauki kwandon nan, an rufe shi da farin ƙyalle kamar na burodi. Maƙera suka yi ta cin nasara, gari ya rikice da murna, ita kuwa tana ramewa. Ba ta kallon maki. Ƙarar sanda kawai take saurare: idan ta yi kauri, ta saki numfashi, idan ta yi siririya, alamar gogewa, sai ta runtse ido har ta ji muryarsa. Dermot bai ɗago hannu ba ko sau ɗaya.

A ƙarshen Satumba aka zo wasan da zai raba gardama. Wanda ya ci, shi zai ɗauki tutar zakara. Mai jifan Maƙera ya sa ƙarfin da bai taɓa sawa ba. A zagaye na shida baƙi suka samu mutum a tasha ta uku, dab da cin maki, dole Dermot ya matso dab da bayan mai bugu.

Ƙarar ta yi siririya.

Da Odelia ta buɗe ido, yana kwance a ƙasa, ba ya motsi. Filin ya yi tsit. Aka watsa masa ruwan bokiti, sau ɗaya, sau biyu. A na uku ya motsa ƙafa. Girarsa ta hagu ta tsage, jini ya rufe rabin fuskar. Da ƙwallon ta sauko da faɗin yatsa ɗaya, da idon ya tafi. Ƙungiyar ba ta da wani mai cafkewa. Ya miƙe yana tangaɗi, aka ɗaure masa kai, ya lalubi robarsa a cikin ƙasa.

Wani ya tsaya a kan Odelia. Malachy ne, ya cire hula, leɓunansa sun yi fari.

"Yarinya," ya ce da dasasshiyar murya, "abin nan yana wurinki?"

Ta ɗaga ƙyallen.

"Kullum kike zuwa da shi?"

"Kullum, Baba."

Ya ɗauka, ya sauka filin da ƙafarsa mai ɗingishi, ya ɗaura wa ɗansa da hannunsa. Nan take aka fara ihu daga kujerun baƙi: "Ɓera ya shiga tarko!" "A ba shi cuku!" Har wasu 'yan gari suka yi dariya. Malachy ya juyo, ya naɗe hannun riga.

"Ni na sa masa. Mai magana ya sauko ya faɗa mini a nan."

Ba wanda ya sauko.

Zagaye na tara, na ƙarshe, Maƙera na gaba da maki ɗaya, saura mai bugu ɗaya su fitar. Odelia ta ƙanƙame kwandon da babu komai a ciki. Wannan karon ta hana kanta rufe ido. Ta ga sanda ta gogi ƙwallo, ta ga ƙwallon ta daki kejin har kan Dermot ya koma baya, ta yi sama. Ya miƙa karkatattun yatsunsa ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, mai bugu ya fita. An gama.

Mutane suka kwararo fili suna neman ɗaukarsa a kafaɗa, amma ya kutsa har layin mata. Ya kwance kejin ya miƙa mata. Wayoyi biyu sun lotsa ciki, daidai saitin idon hagu. Malachy ya sa babban yatsansa a cikin lotsawar.

"Kai ni wurin ubanta," ya ce wa ɗansa. "Akwai maganar da zan janye."

An ɗaura auren a watan Nuwamba. An rataye tutar a zauren ƙungiya, kejin kuma a kicin ɗin Odelia, ba a gyara lotsawar ba. Gottlob ya ƙera wani sabo don baɗi.

Da ta matsa masa ya zaɓa, da ta samu miji ta raba shi da uba. Da ta yi fushi ta bar kwandon a gida rana ɗaya, da ta samu makaho ko gawa. Haƙurin da ke da amfani shi ne wanda ke kame baki amma bai daina shiri ba. Iyaye kuma su sani, surutun 'yan kallo yana ƙarewa kafin a kai gida, idon ɗa kuwa idan ya tafi ba ya dawowa.