Mai Duba Mana Fitilar Baya

Inna na je ɗaukowa, ba wani abu ba. Tun da aka yi rasuwar Yaya take gidan ƙanwarta a garin da ke gaba da namu. Ran nan ta aiko cewa ta gaji da zaman gidan mutane, in zo in mai da ita ɗakinta. Na rufe rumfa da la'asar, na wanke baƙin mai daga hannuna, na kama hanya.

Sana'ata gyaran wutar mota. Ni da Yaya muka yi shekaru a rumfa ɗaya, shi ya koya mini aikin, ciwon 'yan makonni ya ɗauke shi ya bar ni da kayan aiki da kujerarsa. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ni dai ban ji komai ba. Ina ci, ina barci, ina buɗe rumfa, kamar hannun da aka kwana a kansa, ka tsungule shi ka ga fata ta motsa amma ba ka ji.

Motata tsohuwa ce, kuma motar mai gyara kowa ya san halinta, ta mutane ake gyarawa yau, taka kullum sai gobe. Ƙofar baya ta dama hannunta na ciki ya karye tun bara, sai daga waje take buɗuwa. Nan na zaunar da Inna don ta miƙe ƙafa, na ɗora mata jakarta a gefe, na rufe. Ta rame. Idonta dama ya daɗe da yin rauni, yanzu kuma magana ma ta rage. Ta ce, "Auta, ka iso?" Na ce na iso. Iyakar hirarmu ke nan har muka fita daga gari.

Rana ta faɗi muna tsakiyar hanya, inda babu gida babu shago, sai gonaki da ciyawa dama da hagu. Na kunna fitila. Ta gaba ta kama lafiya. Ba a jima ba wata babbar mota ta taso mana a baya da ƙarar oda, ta goce da ƙyar, direban ya zuro kai ta taga yana wucewa.

"Kai mai ƙaramar mota! Ba ka da wutar baya! Saura ƙiris in bi ta kanku!"

Na sauka gefen titi. Da ni kaɗai ne da na ci gaba, a lokacin ko a jikina. Amma Inna ce a kujerar baya, kuma ita ce duk abin da ya rage mini a gidan da na tashi. Ban kashe injin ba, don batirin ba abin yarda ba ne. Na ɗauki sifana da tocila na zagaya.

Wutar mota ba wani abin al'ajabi ba ce. Daga batir take fitowa, ta bi ta fiyus, ta zo makunni. Ka murɗa, ta bi waya har ƙwan fitila. Sai dai ba ta tsayawa a ƙwan, dole ta koma batir, kuma ta jikin ƙarfen motar take komawa, ta wata 'yar gajeriyar waya da ake ɗaurewa da noti. In tsatsa ta ci wurin, wutar sai ta rasa hanyar komawa ta shiga nema ta cikin wasu ƙwayayen. Ka taka birki sigina ta ɗan yi haske, ka kunna sigina duk bayan motar ya riƙa lumshe ido. Masu mota da yawa sun zo mana suna rantsuwa an yi wa motarsu asiri. Yaya yakan tsuguna ya leƙa, ya ce, "Alhaji, aljanin naka sifana mai lamba goma ke fitar da shi."

Na buɗe but ɗin motar, na zare murfin fitilun. Tsatsar ce kuwa. Na kwance notin, na kankare ƙarfen da bakin sukudireba har ya yi fari, na mayar na ɗaure tam. Fitilun baya suka kawo ja. Na bi ƙwayayen da tocila ɗaya bayan ɗaya, na tarar da na siginar dama ya ƙone, ya yi baƙi ƙirin. Ba ni da wani a mota. Na cire shi na jefa a aljihun gaban rigata, na ce gobe.

Saura gwaji. Fitilar baya mutum ɗaya ba ya gwada ta, tunda ba za ka taka birki kana kuma tsaye a baya kana kallo ba. A rumfa ni ke zama a kujerar direba, Yaya ya tsuguna a baya hannu bisa gwiwa. In kira, ya amsa. Mota nawa muka yi wa haka, Allah kaɗai ya sani. Bakina ya saba har ba ya jiran kaina.

Na shiga na zauna. Na taka birki.

"Birki?" na ce.

"Ya kama."

Daga bayan motar muryar ta fito, ba da ƙarfi ba, da ɗan jan nan da Yaya yake yi a ƙarshen kalma kamar mai hamma.

Ya kamata in ce gabana ya faɗi. Bai faɗi ba. Abin da na ji shi ne ranar ta koma daidai, kamar kowace ranar aiki. Hannuna ya tafi da kansa ya tura sandar sigina ƙasa. Ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, yadda take yi in ƙwai na gaba da na baya duk suna nan.

"Hagu?"

"Ya kama."

Wari ya shigo ta taga. Dalma mai zafi da ruwan batir, warin hannun Yaya. Gyaren da ke ta kuka a ciyawa tun da muka tsaya ya yi tsit, sai injin kawai ke numfashi. Na ji jakar Inna ta zame daga kujera ta faɗi ƙasa.

Na ɗaga sandar sama.

Ƙasƙasƙasƙas. Da sauri, kamar zuciyar kaza a hannu. Haka sigina ke yi in ƙwai ɗaya ya mutu, nauyin da take ja ya ragu sai ta hau gaggawa, duk direba ya san wannan ƙarar.

"Dama?" Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

"Ya kama."

Na sa hannu a ƙirjina. Ƙwan yana nan cikin aljihu, ina jin sanyin gilashinsa ta cikin yadi.

Yaya ya yi mini ƙarya a kan abubuwa da dama a duniya, a kan taba, a kan ciwonsa ma. Bai taɓa cewa fitila ta kama ba alhali ba ta kama ba. Ya sha cewa ran mutum ne a bayan kowane ƙwai.

Sai a lokacin sanyi ya fara hawowa daga tafin ƙafata.

"Dogo?" Inna ce, cikin raɗa. Haka take kiran Yaya. "Dogo, kai ne?"

"Inna, yi shiru."

"Muryarsa ce, Auta."

"Na ji. Ki yi shiru."

Na ɗaga ido na dubi madubi. Ƙafata na kan birki har yanzu. Jan haske ya kwanta a kan kwalta, ya taɓa ciyawar gefe. A tsakiya, daidai inda mutum zai tsuguna, hasken ya tsaya. Bai faɗa kan riga ba, bai yi inuwa ba. Ya dai je wurin ya ƙare.

"Inna," in ji muryar. Ta matso. "Fito ki ga aikin Auta."

Ƙyas.

'Yar fitilar rufin mota ta kama. Ba ta kamawa sai an buɗe ƙofa.

Na waiga. Ƙofar Inna a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Hannayenta biyu suna kan cinyarta. Ko da ta so, ba ta da abin da za ta ja.

Ƙofar ta ƙara buɗuwa. Inna ta sauke ƙafa ɗaya waje.

"Ina zuwa," ta ce. Fuskarta ta saki. Rabon da in ga haka tun kafin ciwon Yaya.

Ja ba ya nuna abu, gargaɗi kawai yake yi. Fari ɗaya ne a bayan mota, na ribas, kuma ba shi da makunni a gaban direba, a jikin giya yake. Na taka kuloci har ƙasa, na tura giya baya.

Farin haske ya faɗo.

Yana tsugune, hannun hagu bisa gwiwa. Tsugunon Yaya ne, har karkata kan. Rigar aikin Yaya ce, da ƙunar acid a kafaɗa. Inda fuska za ta kasance fata ce shimfiɗe, sumul, sai wata tsaga a ƙasa da ke buɗe ba ta motsi.

Hannun daman bai tsaya a gwiwa ba.

Ya taso daga kafaɗa, ya bi gefen but, ya wuce tayar baya, ya kwanta a jikin motar kamar tiyo. Yatsun suna riƙe da hannun ƙofar Inna.

"Ribas," in ji tsagar, ban tambaya ba. "Ya kama."

Na juya na cafke wuyan hannun Inna. Ta riga ta ɗaga jiki. Na ja. Ta ja. Ban san akwai irin wannan ƙarfi a jikin tsohuwa ba, ko kuwa ba ita kaɗai ke ja ba.

"Sake ni."

"Ba shi ba ne."

"Sake ni, Auta, ɗana ne."

Wani abu ya yi ƙara a wuyan hannunta. Ban saki ba.

Na tsallako da hannun hagu na buga giya ta ɗaya. Na tokare sitiyari da gwiwa. Na ɗage ƙafa.

Motar ta zabura. Inna ta faɗo kan kujera. Takalminta ɗaya ya tafi. Wani abu ya gogi jikin motar tun daga ƙofa har ƙarshen but, doguwar ƙara mai laushi, sannan ya sake.

Ƙofar na ta lilo. Iska na shigowa. Na riƙe Inna, na tuƙa da hannu ɗaya.

A kwana ta farko na taɓa birki.

"Ya kama."

Daidai bayan gilashi. Ba haki, ba gudu.

Ban sake taɓa birki ba. Da giya na riƙa rage gudu, injin na kuka, har fitilun gidan mai na bakin garinmu suka bayyana. Nan na bar motar ta gangara da kanta ta tsaya a jikin wani tudun yashi. Mai sayar da man ya zo da gudu yana tambaya ko lafiya. Na ce ya rufe mana ƙofar baya. Ya rufe, ya dubi tafinsa, ya goge a wando, ya ce me ya sa hannun ƙofar yake da sanyi haka.

Wuyan hannun Inna ya goce, sai da aka ɗaure shi. Da likita ya tambaya, ta ce faɗuwa ta yi. 

Da na koma rumfa na sayi babban madubi, irin na masu aski, na kafa a bangon baya. Yanzu in zan gwada fitilun mota sai in juya bayanta ga madubin in duba da kaina, bakina a rufe. Mai facin taya na kusa da mu yakan taso ya ce bari ya tsaya mini. Nakan ce ya koma bakin aikinsa. Suna cewa tun rasuwar Yaya na zama mai baƙin rai, ban musa ba. Tsoron ma bai zauna ba, kwana kaɗan ya tafi, na koma yadda nake.

Inna tana ɗakinta. Tana ci, tana shan magani, matata na yi mata wanka. Ni nake shafa mata mai a hannun nata kowace safiya kafin in fita, ta miƙo shi ba tare da ta dube ni ba. Ba ta taɓa ta da maganar ba, sai ranar da aka kwance ɗaurin. Ina murza mata wurin a hankali, ta juyo da idanun nan da ba sa gani sosai ta tsayar a kaina.

"Kai ka yi ta magana da shi, yana amsa maka," ta ce. "Ni ko gaisawa ba ka bari mun yi ba."

Na rufe kwalbar man, na ce mata sai na dawo.